Abin da Inna Ta Ji Cikin Icce

Na san kun sha ganin ana rage murya idan aka ambaci kakarku ta wajena. Na san kuma akwai cikinku wanda aka taɓa yi wa gori da ita a gidan biki, ya dawo bai gaya mini ba, sai a fuskarsa na karanta. Mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda an tayar da maganar ba, don a ganinsa abin da aka binne ba a tonawa. Ni kuwa na ga ba a binne ta ba, tabarma kawai aka shimfiɗa a kanta, kowa yana takawa yana jin tudu. To ga yadda abin ya faru, daga bakin wadda aka yi a gabanta.

Lokacin muna Jega, ba a ko fara zancen yanke Kebbi daga Sakkwato ba. Mahaifinku ma'aikacin gandun daji ne, shi ke kula da wurin renon itatuwa, aka ba mu ɗaki biyu a gidajen ma'aikata da ke bakin gari ta hanyar Aliero. Tun kafin a kawo ni gidan ya dasa layin itatuwa daga ƙofar gidajen nan har zuwa makarantar firamare. Ba dogon yaro ba ne irin wanda ya cika gari. Wani baƙon icce ne mai ƙananan ganye kamar na tsamiya, rassansa su baje kamar laima. Idan bazara ta yi tsanani, kowane icce ya yi laushi, shi kuma sai ya ɗauki jan fure tun daga sama har ƙasa, ka hango layin daga nesa ka ce gobara ce. Ban taɓa riƙe sunansa na littafi ba, mutane dai iccen fulawa suke ce masa. Mahaifinku yana ji da su kamar 'ya'yansa. Tsofaffin gari kuwa ba su taɓa sakin jiki da su ba. Suna cewa icce ne da ba a cin 'ya'yansa, ba a magani da saiwarsa, ga shi yana ado a lokacin da 'yan'uwansa ke jin jiki, irin wannan ba a rasa mai shi a cikin mutanen ɓoye.

A shekarar da nake ba ku labari, mahaifiyata ta dawo wurinmu da zama. Babanmu ya rasu a garinmu Danwarai, yayyena maza sun bi motocin albasa sun yi kudu, ba mai tsaya mata. Ni ce autarta, don haka Auta take kirana. Yanar tsufa ta riga ta rufe mata ido, ɗayan ya yi fari fat, ɗayan kuma inuwar mutum kawai take gani da shi. Amma abin da Allah Ya karɓa a ido Ya mayar mata a kunne. Tana ɗaki za ta ce tukunyarki ta kusa ƙonewa, ko ta ce ga Malam nan ya shawo kwana, alhali keken mahaifinku bai ko bayyana ba. Ba ta iya zaman ɗakin kwano da rana, sai ta lallaba da tabarmarta ta jingina da gindin iccen fulawa tana saƙar faifai da lalube. 'Yan makaranta idan an tashe su sukan yada zango wurinta, ta kwance bakin zane ta raba musu aya. A cikinsu akwai Dije, ɗiyar Ɗanjuma mahauci na unguwar Jega Magaji, yarinya mai surutu da tambaya, ita ce kullum ta ƙarshen tashi.

Damina biyu ke nan a jere ruwa bai yi abin kirki ba. Rijiyoyi sun yi ƙasa, mutum ma da ƙyar yake samun na sha, balle a yi zancen ban-ruwan icce. Duk da haka, da bazara ta shigo, iccen farko na bakin layi ya yi furen da bai taɓa yin irinsa ba, har reshe ba ya ganuwa. Ran nan da rana tsaka na kai wa Inna fura. Irin tsakar ranar nan ce da ko tsuntsu ba ya kuka, hanya ba kowa, ƙasa na tururi. Na tarar ta ajiye saƙa, ta manna kunnenta da jikin icce, farin idonta a buɗe yana kallon inda ba komai.

"Auta, taho ki jiya," ta ce, ba ta ɗaga kai ba.

"Mi na, Inna?"

"Akwai mai ci cikin iccen ga."

Na yi dariya, na durƙusa don in faranta mata, na sa kunne. Da fari bugun jinina kawai nake ji. Can sai na ji shi. Ƙaras, ƙaras, ƙaras, a hankali, kamar mutum ya rufe baki yana tauna aya don kada a ji. Sai ya tsaya. Na riƙe numfashi, shi ma shiru, kamar yana saurarena yadda nake saurarensa. Ina sakin numfashi ya ci gaba. Na ja da baya har furar ta zube.

Da mahaifinku ya dawo na gaya masa. Washegari da sassafe ya fita ya zagaya iccen, ya kira ni ya nuna mini. Ga ƙananan ramuka a jikin ɓawon kamar an huda da ƙusa, ga wani gari mai laushi ya taru a gindi kamar an zubar da garin tuwo, ga ƙaro ja yana tsiyaya daga ramukan yana daskarewa. Ya ce ƙwaro ne, yakan yi ƙwai a ƙarƙashin ɓawo, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta yi ta cin icce tana shiga ciki. Ya ce icce mai ƙoshin ruwa yakan shaƙe ta da ruwan jikinsa, amma mai ƙishirwa ba shi da abin kare kai. Yawan furen nan ma, in ji shi, ba lafiya ba ce, icce idan ya ji mutuwa yakan zuba duk ƙarfinsa a fure. Ya yi iyakar yinsa. Ya riƙa zura waya a ramukan, ya tsoma tsumma a maganin ƙwari ya cusa, ya liƙe da laka. Amma feshi ba ya kai wa abin da ke tsakiyar icce. Magani ɗaya ne, a sare waɗanda suka kamu a ƙone kafin ƙwaron ya fito ya bi sauran. Sai dai iccen hukuma ne, shi da ke kama masu saran icce ba shi da ikon ɗaga gatari sai an ba shi izini. Ya kai magana sama, aka ce ya jira.

Muna jira abin ya ci gaba, kuma ba ciwo ɗaya ba. Wasu fararen ƙwari kamar ɓarɓashin auduga suka lulluɓe ƙananan rassa, tururuwa na hawa da sauka a kansu ba hutawa. Ganyen da ya fara tohowa ya yi danƙo da darɓa, daga baya ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya. Kana zaune a ƙarƙashi, sama fes ba ko gajimare, sai ka ji yayyafi yana sauka a fatarka, ka shafa ka ji yana kama hannu. Gara ita ma ta samu nata, ta yaɓe gindin da jar ƙasa har tsayin mutum. Iccen farko ya mutu a tsaye da furensa, furen ya bushe bai zuba ba, ya koma launin tsohon jini. Inna ta ja tabarmarta zuwa na biyu. Ba a jima ba ta ji taunar a cikinsa. Ita kuwa baiwar Allah ba ta iya ɓoye abin da ta ji ba, duk wanda ya tsaya gaishe ta sai ta dafa iccen ta ce, "Wanga ma ba shi kai damina." Ta kira yara su sa kunne su ji abin mamaki, Dije ma ta sa. Na biyu ya mutu, ta koma na uku. Ita tana bin inuwa ne, ciwon kuma yana bin layi, amma mai kallo daga nesa abin da ya gani shi ne duk iccen da tsohuwa mai farin ido ta jingina da shi ta yi masa magana, ba ya ƙara rayuwa. Wani abin da ya ƙara ɓata lamarin, guda ɗaya da ke daidai ƙofarmu ko ganyensa bai yi yaushi ba. A gindinsa muke zubar da ruwan wanke-wanke da na alwala, shi ke nan sirrinsa. Amma wa zai tsaya ya tambaya?

Maƙwabciyarmu ta jikin bango ita ta fara buɗe mini ido. Malama Rahila sunanta, Kirista ce daga wajen Zuru, tana koyarwa a makarantar nan. Mun shaƙu ƙwarai, ita ta koya mini ɗinkin hannu, ni na koya mata damun fura. Ta shigo wata la'asar ta ja ni bayan murhu.

"Maman Sani, ki hana Inna zama waje."

"Don mi, Malama? Ɗakin ga kamar tanda ya ke."

"Yara suna magana a aji. Abin da yaro ya faɗa a aji kuwa, a gida ya ji shi."

Ba ta furta kalmar ba, ni ma ban furta ba. Amma na fara lura. 'Yan makaranta sun daina tsayawa, sai su bi ta cikin gonaki su zagaye layin. Rannan a bakin rijiya wata mata ta janye ɗanta daga kusa da ni, na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, kurwata kur. Na dawo gida. Na ce wa Inna zafi ya yi yawa a waje, ta riƙa zama a zaure. Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce to. Ba ta tambaye ni komai ba. Mai jin tsutsa a cikin icce ba za ta kasa jin abin da ke cikin muryar ɗiyarta ba.

Dije kaɗai ba ta daina bin layin ba. Wata rana an tashe su, tana tafe ita ɗaya, ba iska ko ta kaɗa gashin kaza, sai wani babban reshe ya ɓalle daga iccen farko ya faɗo a bayanta, inda ta ɗaga ƙafa yanzun nan. Na ji ƙarar daga cikin gida, na fito na hango ta tana gudu ta yar da allonta da takalmi. Ba a yi kwanaki ba muka ji zazzaɓi ya kwantar da ita, irin mai zafin nan na bazara da ke sandarar da yaro. Aka ce a cikin magagi tana ta kiran Inna, tana cewa ana ci, ana ci. Ku gaya mini, a ƙasarmu wane yaro ne zazzaɓi zai kama bai kira Inna ba? Kuma yarinyar da ta sa kunne ta ji abin da na ji, me zai hana ya biyo ta cikin ciwo? Amma masu zaman jinya sun riga sun san Innar da suke so ta zama.

Bayan azahar suka zo. Na ji hayaniya na leƙa, na ga mahauta da matan unguwa sun cika gaban gida, an ɗauko Dije a tabarma an shimfiɗe a inuwar iccen ƙofarmu. Jikinta a sandare, haƙora a cije, ido ya kakkafe. Uwarta Tumba tana durƙushe a kanta ba ko mayafi. Ina so ku sani Ɗanjuma ba mugun mutum ba ne. Shi ke ware wa mahaifinku hanta mai kyau ranar kasuwa. Da ya yi sallama mahaifinku ya fito, kansa a ƙasa ya yi magana.

"Malam, ba hwaɗa ya kawo mu ba. Tsohuwa ta hito ta ƙetare yarinyar ga ta sake ta, mu koma gida. Ba mu neman komi bayan wanga."

"Ɗanjuma, ka san abin da kaka roƙo? In ta ƙetare ta, ta amsa sunan ke nan, ita da ɗiyanta da jikokinta."

"Na sani, Malam. Amma ɗiyata ta."

Malama Rahila ta kutsa tsakiyarsu tana cewa ta riga ta aika tasha, ga mota nan zuwa, a kai yarinya asibiti tun da sauran numfashi. Tumba ta ce ba mai ɗaga mata ɗiya sai an sake kurwarta, allura ba ta maido abin da aka ɗauke. Mahaifinku ya dube su ya dubi layin itatuwansa. Sai ya shiga gida ya fito da gatari. Mutane suka ja baya, wasu mahauta suka kai hannu ƙugu. Shi kuwa ya wuce su ya nufi icce na uku, wanda rabinsa ya bushe rabi yana da fure, ya ce kowa ya tsaya ya ga abin da ke kashe su. Ya san ba shi da izini, ya san abin da zai biyo baya a wurin aiki. Saran farko iccen ya amsa kamar ganga. Bai sha wuya ba ya kife, wani wari mai tsami ya tashi. Ya tsaga gindin biyu. Cikinsa duk hanyoyi ne a murɗe, sun cushe da gari, a cikin hanyoyin kuwa ga tsutsotsi farare masu kauri kamar babban yatsa, kansu ja, sun ji rana suna ta mutsu-mutsu. Ya kwaso su a tafin hannu ya ɗaga sama.

"Ga mayyarku nan! Ku dube ta da kyau. Wagga ita ka cin icce, ba tsohuwar mutane ba."

Mutane suka matso suna kallo. Na ce a raina Alhamdu lillahi, an gama. Sai wata murya ta tsohuwa ta fito daga baya, har yau ban san ko wace ce ba.

"La'ilaha illallahu! Ashe nan taka ajiye su."

Kun san abin da ake faɗa, wai maye idan ya kama kurwa yakan mayar da ita wata 'yar halitta ya ɓoye a kogon icce. Maganar ta bi taron kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Daidai lokacin kajin unguwa suka hango abinci suka rugo. Tumba ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinta ba. Ta tashi daga kan ɗiyarta ta faɗa kan tsagaggen iccen nan da ƙirjinta, tana dukan kaji da hannu biyu, tana tattara tsutsotsi tana zubawa a bakin zanenta.

"Ku kore su! Dije na ciki! Kada su cinye min ɗiya! Wacce ta? Ku hwaɗa min wacce ta!"

Na dubi mahaifinku. Yana tsaye da gatari a hannu ɗaya, tsutsa a ɗayan, fuskarsa ta koma toka. Ya kawo musu gaskiya a tafin hannu, ta zame musu shaida a kanmu.

Ban ji fitowar Inna ba, sai dai na ga mutane suna darewa. Tana tafe tana dafa bango. Tunda aka yi aurenmu ba ta taɓa yi wa mahaifinku magana kai tsaye a gaban mutane ba saboda kunyar surukuta, amma ran nan ta yi.

"Malam, aje gatarin ga, ka yi naka. Auta, kama hannuna ki kai ni wurin yarinya."

Na riƙe ta ina kuka, na ce, "Inna, kin san mi za su ce."

"Sun riga sun ce. Tun daga zaure nika jin numfashinta, ba shi da kyau. In ban ƙetare ba, ba su bari a kai ta asibiti, nan za ta cika muna tsaye muna gardama."

"To mu hwa, Inna? Jikokinki hwa?"

Ta matse hannuna. Sannan ta ce, "Suna da rai. Mai rai shina iya ɗaukar suna."

Na kai ta. Ta durƙusa ta lalubi goshin Dije ta shafa, ta kira sunanta a hankali yadda take kiranta idan za ta ba ta aya. Ta miƙe ta ɗaga murya ta ce Allah Shi ne shaidarta ba ta taɓa kama kurwar kowa ba, ba ta ma san yadda ake yi ba, amma tunda ƙetarawa suke so, ga ta. Ta tattare zanenta ta ɗaga ƙafa, ina riƙe da ita, ta tsallake yarinyar. Zan faɗa muku abin da na gani, don na yi alkawarin ba zan rage komai ba. Ƙafarta na sauka, Dije ta saki wani dogon numfashi, yatsunta da ke dunƙule suka buɗe. Taron ya ɗauki salati. Daga baya Malama Rahila ta ce haka irin wannan sandarewa take, takan kama ta saki don kanta, ta sha gani a wurin yara. Na yarda da ita. Amma a lokacin ni kaina sai da shakka ta shige ni.

Motar ta iso, Tumba ta yarda aka ɗauki yarinya, tana ƙanƙame da ƙullin zanenta. Malama Rahila ta shiga tare da su, ita ta tsaya a kansu a asibiti har aka yi allurai aka ƙara ruwa. Mu kuwa muka shiga gida muka rufe ƙofa. A kwanakin nan na san wani irin tashin hankali da ba na fatan ko maƙiyi ya sani. Idan Dije ta mutu, za a ce uwata ta cinye ta. Idan ta tashi, za a ce uwata ta sake ta. Na rasa wanne daga ciki zan roƙi Allah. Inna kuwa ba ta rasa ba, duk sallar da ta yi sai na ji sunan yarinyar a bakinta.

Dije ta tashi. Ba wanda ya ambaci allura. Daga ranar ba a sake aiko yaro sayen fura gidanmu ba, ba mai ɗibar wuta a murhunmu. Ina da ciki a lokacin, da na haihu aka yi suna, matan da suka shigo ba su cika tabarma ɗaya ba, abincin da muka aika maƙwabta aka zuba wa awaki. A wurin aiki aka tuhumi mahaifinku kan saran icce ba izini, aka ja masa kunne. Ba a daɗe ba izinin da yake jira ya iso, a sare duka a ƙone. Shi ya sare su da hannunsa, ya tara ya cinna wuta. Tsutsotsin suna fashewa a cikin wutar, fas, fas, mutanen unguwa suna rufe tagogi suna toshe wa yara kunne. Da wutar ta mutu ya nemi a canza masa wurin aiki, aka tura mu Maiyama. Mun so Inna ta ɗan huta a Danwarai kafin mu zauna da gindinmu, amma labari ya riga mu isa, dangi suka aiko cewa zamanta wurinmu ya fi.

A Maiyama mahaifinku ya dasa dogon yaro ba iyaka, amma bai ƙara sa iccen fure a ƙasa ba har ya bar aiki. Inna ta yi 'yan shekaru tare da mu. Ba ta sake zama a waje ba. Ta daina cin nama idan da baƙo a gida, don kada a ce ga kwaɗayin nan. Idan ɗayanku ya rarrafo wurinta a gaban mutane sai ta naɗe hannuwanta a cinya, sai an watse ta jawo shi ta rungume tana shinshinar kansa. Manyanku za su tuna wannan, wataƙila kun ɗauka ba ta son ku ne. Ban taɓa jin ta yi da-na-sani ba. Sau ɗaya dai, tana kwance a ciwonta na ƙarshe, ta tambaye ni ko yarinyar nan ta koma makaranta. Na ce ta koma. Ta ce madalla. Ta rasu cikin damina, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Malama Rahila ta biyo motar kaya daga Jega ta zo mana gaisuwa, ta kwana biyu tana taya ni karɓar 'yan zaman makoki, waɗanda ba su da yawa.

Shekaru sun shuɗe kafin in sake taka kasuwar Jega. Sayayyar auren yayarku ta kai ni. Na tsaya gaban wata mai daddawa, mace cikakkiya da goyo a baya, ina tayawa, sai na ga ta kafe ni da ido.

"Ba ke ce ɗiyar Inna ta gidajen ma'aikata ba? Ni ce Dije."

Muka gaisa, ta rusuna har ƙasa, ta tambayi Malam ta tambayi yara. Tana magana tana ɗan juya jikinta, a hankali, har goyon ya koma inda idona ba ya kai wa. Na tabbata ita kanta ba ta san ta yi ba. Ta tambayi Inna, na ce ai ta daɗe da rasuwa. Sai idonta ya ciko, hawaye na gaske, ta share da bakin mayafi.

"Allah Shi jiƙanta, Shi gahwarta mata. Wallahi ban taɓa sallah ban sa ta ciki ba. Ta kama ni, amma ta sake ni. Ba kowace ka sakewa ba."

Magana ta cika mini baki. Ƙwaron, da farin da aka yi, da allurar, da abin da tsohuwar nan ta ce mini a ƙofar gida kafin ta ɗaga ƙafa. Na dube ta, ga ta da ranta da lafiyarta, 'yar ƙafar jaririnta tana leƙowa ta ƙarƙashin hannunta, kasuwa na ta ci a kewayenmu. Addu'a ta yi wa uwata, ita kaɗai a duk garin nan. Na ce amin.

Ta ƙulla mini daddawar, ta ƙara gyara mai yawa, ta rantse ba za ta karɓi ko kwabo ba. Na miƙa hannu in karɓa. Sai ta sunkuya ta ajiye ƙullin a ƙasa, a gaban ƙafata.